Kowa da Halinsa a Bakin Kogon Teku

Babban jirgi ba ya shiga kogwannin tsibirin Panak, a mashigin tekun Phang Nga da ke kudancin Tailan. Daga nesa yake tsayawa da mutanen da ya kwaso daga Phuket, a rarraba su biyu-biyu cikin kwale-kwalen roba, kowane da matuƙinsa. Kafin a gama wannan rabo ka gama sanin halin kowa.

Akwai Alhaji Ba-jira. Ya biya kuɗinsa, saboda haka yanzu-yanzu yake so a shiga. An yi masa bayani cewa teku na cika tana janyewa sau biyu a rana: in ta cika bakin kogon ya nutse, in ta janye sosai laka ce zalla, sai a tsakani ake samun hanya. Shi kuwa gani yake duk dabarar neman na goro ce, har ya fara laluben aljihu.

Sai Sarkin Yaƙi, wanda tun a mota yake ba da labarin manyan ruwayen da ya ƙetare da iyo. Da ƙyar aka lallashe shi ya sa rigar da ke hana nutsewa. Ana kutsawa cikin duhu warin kashin jemagu ya doke shi, tocila ta haska su rataye reras a sama, shi ne na farko da ya tambaya ko akwai wata ƙofar fita.

Wanda nake tausayi shi ne Mai Tumbi, don bai yi wa kowa laifi ba. A wasu wuraren rufin kogon ƙasa-ƙasa yake, dole kowa ya kwanta rigingine, ga ɓawon ƙananan halittun ruwa manne da dutse, kaifinsu kamar aska. Kowa ya kwanta ya shafe, shi ya kwanta amma da saura. Matuƙi ya ce ya ja numfashi, ya ja. Ya ce ya ƙara, ya ce wallahi iyakarsa ke nan. Sai an sace wa kwale-kwalen iska kaɗan ya nutsa, a tura shi da hannu a jikin dutse, bawan Allah yana kallon rufi dab da hancinsa yana karanto duk addu'ar da ya taɓa haddacewa.

Can ciki kuwa abin kallo ne: ruwa kwance zagaye da katangar dutse, sama a buɗe, bishiyoyi tsaye da saiwoyinsu a waje, wasu kifaye na tsalle a kan laka. Hajiya Mai Hoto ba ta ga ko ɗaya ba, don baya ta juya musu tana gyara mayafi. A tsibirin Khao Phing Kan abin nata ke ƙamari. Nan ne dutsen Ko Tapu yake tsaye cikin ruwa, tsayinsa kusan mita 20, ƙasansa siriri samansa ƙato, wanda fim ɗin James Bond na 1974 ya fito da sunansa. Sai ta miƙa tafin hannu kamar ita ke ɗauke da shi, maigida na durƙushe yana ɗauka, ana gogewa ana sakewa.

A gefe Malam Na-sani yana koya wa matuƙin da aka haifa a wurin tarihin garinsu. Rantsuwa yake Sean Connery ne ya fito a fim ɗin. Roger Moore ne.

Mai Guzuri kuma tun safe ya ƙi taɓa komai, yana rungume da ledar dabino, wai ba ya cin abin da bai san asalinsa ba. Da azahar aka sauka Ko Panyi, ƙauyen masunta da aka gina kan turaku a cikin ruwa. Mutanen Musulmi ne, ga masallacinsu, ga filin ƙwallo yana lilo a kan ruwa. Jin kiran salla ke da wuya ya ajiye ledar, ya ci shinkafa da kifi har da ƙari.

Idan Allah ya kai ka, mai karatu, ka nemi kwale-kwalen Mai Tumbi ka bi bayansa. Duk inda ya wuce, kai ma za ka wuce.