Ragar da Ta Koma Igiyar Shanya

Daren 26 ga Yuli, 2025, da Super Falcons suka farke ƙwallaye biyun da Maroko ta zura musu a Rabat, suka ƙara na uku, suka ɗauki kofin Afirka na mata karo na goma, ihu ya kusa yaye kwanon gidan kallon unguwarmu a Faskari. Yayana ne kan gaba. Hularsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba. "Mun ci! Wallahi mun ci!"

Ba a yi sati biyu ba ɗiyarsa da ke karatu a wata jami'a ta bugo waya. "Baba, an ɗauke ni a ƙungiyar ƙwallon raga ta mata." Ya ɗaure fuska kamar tana ganinsa. "Karatu na tura ki ko tsalle-tsalle? Wa zai auri mai tsalle?" Ashe murnar ta 'ya'yan wasu ce.

Yarinyar nan a gabana ta tashi. Tun tana 'yar shekara goma take jido ruwa a jarka, ta yi surfe, ta yi daka, ta wurga taɓarya sama ta tafa sau biyu ta cafe. Da ana ba da lambar zinare a lugude, da 'yan matan Ƙanƙara da Sabuwa sun rasa wurin ajiye ta. Ba wanda ya taɓa cewa taɓarya na korar miji. Sai ƙwallon da bai kai nauyin rabin mudun gero ba.

Na leƙa jami'ar da kaina. Filin maza an aske ciyawa, an ja farin layi, ga mai usur yana ta hura wuta. Na mata yana can bayan ɗakin kwanansu. Sanda ɗaya ta karkace, amma ragar na nan tana aiki: hijabi huɗu da zanen gado na ƙirga a kanta. Akuya biyu ke tsaron gida. Ƙwallonsu guda ɗaya tak, maza sun ara tun bara.

Jami'in wasanni ya ce mini shirin mata na tafiya lafiya lau, har ya buɗe fayil. Gaskiyarsa, a cikin fayil duk Laraba suna atisaye. Wajen karɓar kuɗin wasanni ranar rajista kuwa babu wariya, mace da namiji duk ɗaya. Ranar gasa ma ana tunawa da su, tunda dole wani ya riƙe farantin lambobin yabo ya raba ruwan leda.

Da na koma gida na tunkari yayana. Ya ce shi sutura ce damuwarsa. Na ce, "Yaya, ai Nouhaila Benzina ta Maroko da ɗankwalinta ruf ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023."

Ya gyara zaman hularsa. "Maroko? To ka gani! Ba su muka ba uku ba?"