Hukuncin Tankar Ganima a Wajen Matasan Kabi

Daga cikin matsalolin da suka addabi matasan Birnin Kebbi da Argungu a wannan zamani, bayan rashin aikin yi da tsadar data da ɗaukewar wutar lantarki, akwai wata mas'ala mai zurfi wadda masana ba su ba ta haƙƙinta ba, wato matsayin tankar ganima a wasan yaƙi na kwamfuta. Asalin zancen shi ne akwai wasanni irin su World of Tanks, wanda kamfanin Wargaming ya fitar a 2010, da War Thunder na kamfanin Gaijin, waɗanda a cikinsu ɗan wasa yake zaɓar ƙasa, a buɗe masa jerin tankokinta daga mafi rauni zuwa mafi ƙarfi, ya riƙa hawa daki-daki gwargwadon abokan gaban da ya ƙona da kuma dararen da ya hana idonsa barci. Wannan jeri shi ne sahun ƙasa. To, sai masu ƙirƙirar wasannin suka riƙa cusa wa wasu ƙasashe tankokin da ba su suka ƙera ba, waɗanda sojojinsu suka ƙwace a fagen fama, har ya zama ana iya ganin T-34 ta Tarayyar Sobiyet a sahun Jamus ɗauke da tambarin Jamusawa, ana kuma ganin Panther ta Jamus a sahun Sobiyet an raɗa mata suna T-V. Masu buga waɗannan wasanni ba su da yawa a kwarin Rima, domin galibin samari sun fi karkata ga wasan ƙwallo da na harbe-harbe a wayar hannu, sai dai ƙarancinsu bai rage ƙarar muryarsu ba, kasancewar gardama a ƙasar Hausa ba ta buƙatar fiye da mutum biyu da benci ɗaya.

Masu jayayyar sun kasu gida biyu. Kashi na farko, waɗanda za a iya kira 'yan asali, suna ganin kowace tanka ta zauna a sahun ƙasar da ta narka ƙarfenta, kuma suna da hujja ɗaya mai ƙwari: a wani salon wasan da ake ɓoye alamomin da ke bambanta aboki da maƙiyi, mutum yakan hango siffar tankar abokan gaba ya sakar mata wuta, sai daga baya ya gane ɗan ɓangarensu ya hallaka. Kashi na biyu, 'yan ganima, ba su wahalar da kansu da dogon bayani, domin dukkan mazhabarsu ta taru a jumla ɗaya da akan faɗa da karin harshen yankin, ana buga tebur: "Mu munka kama ta, tamu ta!"

Wannan "mu" ta cancanci a dakata a kanta, domin ita ce ginshiƙin al'amarin. Mai faɗarta saurayi ne da aka haifa a Tudun Wada ko a bakin Matan Fada, wanda tafiyarsa mafi nisa ba ta wuce Sakkwato ba, amma da zarar ya riƙe linzamin kwamfuta sai ya wayi gari Bajamushe, yana jin zafin kayen da Jamus ta sha a yaƙin Kursk a 1943 kamar gonar kakansa aka cinye. Abokinsa da ke gefe, wanda suke raba ruwan leda ɗaya, shi kuma ɗan Rasha ne tsantsa har zuwa lokacin da mai shago zai ce kuɗin awarsu ya ƙare. Babu Najeriya a cikin ƙasashen da ake zaɓa, kuma da za a sa ta, 'yan asali ne za su fara shiga uku, tunda manyan tankokin rundunar sojan ƙasar, irin su T-72 da Vickers da VT-4, an ƙera su ne a ƙasashen waje, abin da ke nufin tsauraran ƙa'idojinsu za su bar sahun ƙasarsu fayau. Saboda haka masu kishin asalin tanka mutane ne da suka ari ƙasa sukutum, sannan suka tsaya a cikinta suna tsangwamar kayan aro.

Tarihin yaƙin duniya na biyu ma bai goyi bayansu ba. Jamusawa sun mayar da amfani da kayan ganima tsari mai rajista, inda suke ba kowace tankar da suka kama lamba da harafin da ke nuna asalinta, r ga ta Rasha, f ga ta Faransa, t ga ta Cekoslobakiya. Tankar nan da aka sani da Panzer 38, ƙirar Cekoslobakiya ce da suka samu bayan mamaye ƙasar a watan Maris na 1939, kuma da ita rundunar hafsan Jamus Rommel ta kutsa Faransa a 1940, ba tare da wani hafsa ya tsayar da yaƙi don neman takardar haihuwarta ba. Matsalar harbin ɗan'uwa bisa kuskure kuwa ba sabuwa ba ce, shi ya sa suke zana manya-manyan alamominsu a jikin tankar ganima, don kada nasu su yi mata aika-aika. A gida Najeriya ma, lokacin yaƙin basasa, sojojin Biyafara sun ƙwace wata motar sulke ƙirar Panhard daga sojojin tarayya a 1968 suka sa mata suna Oguta Boy, kuma tana ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda har yau take amsa sunan da waɗanda suka ƙwace ta suka raɗa mata.

Abin da ya fi dacewa a tuna wa matasan Kabi shi ne daularsu kanta a kan rigimar ganima aka kafa ta. Abdurrahman as-Sa'adi, marubucin Tarikh as-Sudan a ƙarni na 17, ya kawo cewa Kanta, wanda ya kafa daular, ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, kuma bayan an dawo sai shi da mutanensa suka ga ba a ba su kasonsu ba, lamarin da ya kai ga tawaye a wajajen 1516, aka gwabza, Kabi ta ɓalle, rundunar da Askiya ya sake turowa kuma ta koma ba ta yi nasara ba. Ganuwar Surame, birnin Kanta, wadda kufanta ke nan har yau, shaida ce ta abin da mutum zai iya ginawa idan aka hana shi rabonsa. Ke nan Bakaben da ya tashi yana cewa abin da aka kama a yaƙi bai halatta a jera shi cikin kayan gida ba, ya kamata ya yi magana a hankali, kada kakanni su ji. Bambancin kawai shi ne, Kanta ya yi fushi a kan dawaki da dukiyar da ake taɓawa da hannu, jikokinsa kuwa suna kumfar baki a kan tankar da ke ɓacewa da zarar janareta ya shanye mansa.

Malaman fiƙihu, waɗanda suka riga kamfanonin wasa tunani da ƙarnoni masu yawa, sun tsara wannan babi dalla-dalla, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya ratsa ta cikinsa. Ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran huɗun a raba wa waɗanda suka halarci yaƙin, mahayi ya karɓi kaso uku, biyu na dokinsa ɗaya nasa, dakare kuma ya karɓi ɗaya. Ɓoye wani abu kafin rabo shi ake kira gululu, kuma babban laifi ne. Har ma an yi bayanin abin da za a yi idan aka tsinci kayan wani Musulmi a cikin ganima: kafin rabo mai shi ya ɗauki abinsa kyauta, bayan rabo kuwa sai ya biya kuɗinsa. Matasan shagon wasa suna son kalmar ganima ƙwarai, amma ba a taɓa jin ɗayansu ya tambayi inda za a kai humusi ba.

Akwai kuma wani misali da ya fi kowace tanka girma, wanda masu gardamar ke zaune a cikinsa ba tare da sun lura ba. Birnin Kebbi ya kasance babban birnin Kabawa har zuwa 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci shi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Kabawa suka sake kafuwa a Argungu, Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, aka shafe shekaru ana kai ruwa rana, ana sulhu ana warwarewa, har zuwan Turawa. A yau fadar Sarkin Gwandu, magajin Abdullahi, tana Birnin Kebbi, Sarkin Kabi yana Argungu, garin da aka ci bai sauya suna ba, kuma da aka ƙirƙiri jiha a 1991 sai aka sa mata sunan Kebbi, kowa ya shiga inuwarsa. Manya sun daɗe da rufe wannan babi, tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda daga gare ta bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu. Abin da sarakuna suka sasanta a kan birni mai ganuwa, shi ne samari suka kasa sasantawa a kan hoton ƙarfe. Wanda kuma ya shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar wurin adana kayan tarihi a 1958, ya tsaya gaban masu da takubba da kwari da baka, ba ya tambayar maƙerin da ya ƙera kowanne, alhali sananne ne cewa ruwan takubba da yawa a ƙasar Hausa daga Turai fatake suka ratso Sahara da su, sulke ma daga arewa yake zuwa. Ba a taɓa jin an cire wani barde daga tarihi don takobinsa baƙo ne ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa 'yan ganima sun fi abokan jayayyarsu gaskiya. Dogon lura ya nuna babu wanda yake da mazhaba tsayayya, domin matsayin kowa yana bin inda tankar take fuskanta. Saurayin da ya yi rantsuwa da azahar cewa ganima halaliya ce, saboda yana tuƙa T-34 a sahun Jamus, shi ne zai miƙe da la'asar yana kiran sata da rashin kunya idan Panther ta ɓullo daga sahun Sobiyet ta fasa shi, ya juya wajen mai shago yana cewa: "Maigida, don Allah dubi wanga zalunci, da kayanmu aka kashe mu!" Wanzami dai ba ya son jarfa. Wannan ɗabi'a ba a shagon wasa aka haife ta ba, daga gida aka zo da ita, kuma duk wanda ya san sha'anin kwanukan biki ya san tushenta. Uwargida takan ɗiga jan farce a gindin kowane kwano da kula kafin ta fitar da su, daidai da yadda Jamusawa ke zana tambari, kuma idan nata ya kwana uku a maƙwabta sai ta aika yarinya da saƙo mai ɗaci. Amma kwanon maƙwabciya da ya shigo da tuwon suna ya shekara a ɗakinta, wannan ya zama ɗan gida, har akan kankare tsohuwar alamar a ɗiga sabuwa, in an zo nema kuma a ce kwano ai kama yake yi.

Manyan gari ma ba su tsira ba, sai dai nasu tankokin suna sa babbar riga. A fagen siyasa ana kiran abin sauya sheƙa, kuma jihar ta ga misalinsa a watan Mayun 2025, lokacin da sanatocinta uku suka bar PDP suka koma APC gaba ɗaya. Ba a nan ake tattauna dalilansu ba. Abin sha'awa shi ne halin magoya baya na kowane ɓangare a duk lokacin da irin haka ta faru, ko ta wace fuska. Mutumin da aka shekara ana zagi a majalisar shayi, da zarar ya shigo sai a kira shi jigo, a buga masa sabon fosta, a sa shi a sahun gaba, waɗanda ya baro kuma su gano a rana ɗaya cewa dama tsohon ƙarfe ne da ba ya tashi sai an tura. A nan ma akan samu harbin ɗan'uwa bisa kuskure, domin akwai 'yan bangar da labari bai kai gare su da wuri ba, su ci gaba da jifan wanda ya riga ya zama nasu tun jiya da dare.

Wanda ya fi kowa fahimtar mas'alar shi ne kamfanin wasan, wanda ba ya cikin kowace mazhaba. Da dama daga cikin tankokin ganima ba a samunsu ta hanyar hawa daki-daki, sayensu ake yi da kuɗi na gaske, kuma sanannen misali shi ne KV-1 ta Sobiyet wadda Jamusawa suka ɗora wa bindigarsu mai faɗin baki milimita 75, ta haɗa kaurin sulken wancan gida da ƙarfin harbin wannan. Ganimar da ake biya kafin a karɓa wani sabon babi ne da Kanta bai san shi ba, malaman fiƙihu ma da sun gan shi da a babin ciniki za su ajiye shi. Ta wannan ƙofa ce kuma ake rasa manyan 'yan asali ɗaya bayan ɗaya: wanda ya fi kowa tsauri yakan yi shiru na 'yan kwanaki bayan an sayar da shinkafar rani ko an biya kuɗin wata, sannan ya bayyana a cikin tankar da ya sha la'anta, ya kuma sanar da jama'a, da fuskar mai ba da fatawa, cewa bincike ya nuna wannan ɗaya tak ta sha bamban da sauran, tunda bindigar da ke kanta ta Jamus ce.