Masu Zaɓen Madubin Farauta da Ire-irensu

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne kayan aikin da maharbin safari ya fi ɗagawa. Bindiga takan kwana goma a kafaɗa ba ta yi ko tari ba, madubi kuwa tun sanyin safiya yake aiki. A gandayen farauta na arewacin Kamaru, waɗanda suka kewaye dazuzzukan Benuwe da Faro da Buba Njida, da takwarorinsu na Tanzaniya da Namibiya, ba a harbin duk abin da ya gilma. Tsohon namiji ake nema, wanda ya kayar da mace ko ɗan saurayi kuwa aljihunsa zai gaya masa. Ga shi gwanki, mace da namiji duk suna da ƙaho, sai dai na macen ya fi siranta. Aikin madubi ke nan: ya raba tsoho da yaro, ya raba mace da namiji, tun naman bai shaƙi warin mutum ba.

Kowane madubi yana ɗauke da lamba biyu, kamar 8x42. Ta farko ita ce yawan kusantowa: ɓaunar da ke mita 400 za a gan ta kamar tana mita 50. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar shigar haske. In aka raba 42 gida 8 za a sami 5.25, faɗin ɗigon hasken da ke isa ido ke nan. Jagororin farauta sun daɗe da tsayawa a kan 8x42 ko 10x42, masu nauyin gram 800 ko kusa da haka. Da mutane suna jin magana, da bayani ya ƙare a nan.

Na farko a cikin marasa jin maganar shi ne mai son babbar lamba. A lissafinsa, in 8 tana da kyau, to 16 ta ninka ta kyau. Abin da bai sani ba, madubi ba ya zaɓen abin da zai ninka. Yana ninka ɓauna, yana kuma ninka rawar hannu, da bugun zuciya, da hakin mutumin da ya yi tafiyar awa huɗu cikin toka da ƙonanniyar ciyawa. In rana ta take, har kawalwalniya yake ninkawa. Sannan fili yana ƙuntata: madubi mai 8 yakan nuna faɗin mita 130 ko fiye a nisan mita 1000, kuma duk hawan da lamba ta yi sai filin ya tsuke. Mai bin sawu, wanda ba shi da komai sai idon da Allah ya ba shi, zai raɗa masa: “Maigida, ga shi can gindin doka, na uku daga hagu.” Maigida ya ɗaga, ya ga ganye yana tsalle. Ya sauke kaɗan, ya ga suri. Ya karkata, ya ga sararin samaniya tas, babu ko tsuntsu. Kafin ya lalubo dokar, garke ya bar masa ƙura. An ce hangen Dala ba shiga birni ba, to shi ko Dalar bai samu ya hango ba.

Maƙwabcinsa shi ne mai tulu, wanda ya ji an ce haske shi ne komai, ya sayo 8x56. Madubin ba shi da laifi a ƙasarsu. Maharban Jamus ne suka saba da shi, suna zaune a kan rumfa suna dakon aladen daji a farin wata, kuma mazauni ba ruwansa da nauyi. Ɗigon haskensa milimita 7 ne, daidai da yadda ƙwayar idon matashi ke buɗewa a duhu. Amma kuɗin safari ba ya cika zuwa sai tare da furfura, idon ɗan shekara sittin kuwa da wuya ya wuce milimita 5. Dattijo yana dakon hasken da idonsa ba shi da ƙofar karɓa. Madubin kuma fiye da kilo guda ne. Ranar farko yana wuyansa, rana ta biyu ya koma kafaɗa, rana ta uku yana wuyan yaron da ke ɗauke da ruwa.

Kishiyarsa mai gudun wahala ne, da ɗan 10x25 a aljihun riga. Da hantsi ba ka raba shi da na kowa. Da asuba ko gab da magariba, lokacin da nama ya fi motsi, kamar leƙa rijiya yake yi.

Akwai kuma ma'abocin suna. Shi ba madubi ya saya ba, Swarovski ya saya, ko Zeiss, ko Leica, kuma ba ya yarda a kira abin da wani suna. Da dare a bakin wuta zai ba da darasin da ba a tambaye shi ba: cewa Zeiss ya fara fitar da irin wannan madubi a garin Jena a 1894, cewa a can aka gano shafa wa gilashi sinadarin rage ƙyalli a 1935, cewa an kafa kamfanin madubin Swarovski a Ostiriya a 1949. Abin haushin, duk gaskiya ne, kuma kayan suna da kyau: da su ana bambance tsohon ƙaho da ya goge da wanda bai gama nuna ba, ko a inuwa. Matsalar tana ga mai shi. Tsoron ƙura ya sa madubin yana cikin jaka, jakar tana cikin wata jakar, murafu huɗu a rufe. Kafin a kwance wannan lefe, gwanki ya tsallaka rafi.

Mai araha ana gane shi daga nesa, saboda jan gilashin da ke walƙiya a ƙirjinsa kamar idon mage. A jiki an rubuta wata lamba mai ban tsoro, irin su 60x90, da alkawarin cewa na soja ne kuma yana gani da dare. Bututun biyu ba su saitu da juna ba, don haka ɓauna ɗaya takan zama biyu, ido ya yi ta kokawar haɗa su har kai ya ɗauki ciwo. Bayan kwana biyu a bayan mota wani abu ya fara ƙwal-ƙwal a ciki. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a miƙe hannu da madubin, a fuskanci haske, a dubi ɗigon da ke gilashin ido. Na kirki zagayayye ne sumul, na banza yana da inuwa ta kusurwa huɗu. Mai ƙaramin ƙarfi da ya nemi tsohon samfuri mai faɗin kafaɗa, wanda ya samo asali daga ƙirƙirar Ignazio Porro ɗan Italiya a 1854, da ya fi samun gani mai kyau da kuɗi kaɗan. Ba zai saya ba, wai ya yi kama da na kakansa.

Tun da Leica ta fitar da Geovid a 1992, madubi mai auna nisa da hasken lesa, aka sami sabon iri: ma'auni. A buɗaɗɗen fili irin na Namibiya na'urar tana da rana. Shi dai ma'auni ba ya bambancewa. Ya auna tanti, ya auna mai dafa abinci, ya sanar da jama'a cewa daga kujerarsa zuwa bayan gida mita 37 ne. In aka yi kiciɓis da ɓauna a sarƙaƙiya, tana kallonsa yana neman maɓalli.

Ɗan aro bai zo da komai ba, ya ce ai bindigarsa tana da madubi. Wannan ba abin dariya ba ne, domin duk abin da ya duba ya auna shi da bakin bindiga ke nan, ko da mutum ne. In jagora ya tsawata masa sai ya koma “Ɗan ba ni naka in gani.” Yawancin madubai suna da zoben da ake daidaita bambancin ido biyu da shi, sau ɗaya, a bar shi. Nan hannunsa ke fara zuwa. Ya murɗa zoben, ya ware bututun, ya danne bakin roba saboda tabaraunsa, ya mayar da hoton yatsa a kan gilashi.

Na ƙarshe ya zaɓi daidai, 8x42 mai kyau, wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, sannan ya kashe shi da tsabta. Ƙurar hunturu garin yashi ce. Ƙa'ida ita ce a hure ta, a share da tattausan buroshi, kafin ƙyalle ya taɓa gilashi. Shi kuwa tofa yawu yake yi ya dirje da gefen riga, sau goma a yini. Kafin mako biyu ya fara ƙorafin cewa hazon bana ya yi yawa, har a ranar da gari ya waye garau. Irin wannan madubin ne kan faɗa hannun mai bin sawu ranar sallama a matsayin tukuici, shi kuma ya kai gida yara su riƙa neman awaki da shi.