Zaɓen Gunduwa, da Abin da Ya Sami Rufin Shagon Kawu

Kwamfuta ba ta lissafa ƙarfin gini a dunƙule. Sai an daddatsa shi gunduwa-gunduwa, an haɗa gunduwoyin a ƙulle-ƙulle sun zama raga, sannan ta auna motsin kowane ƙulli idan an ɗora kaya. Ray Clough na jami'ar Berkeley ta Amurka ne ya raɗa wa dabarar suna a 1960, kuma yau da ita manhajoji irin su Abaqus da Code_Aster ke aiki. Amma zaɓen gunduwa na mai zane ne, a nan kuwa ake yin ɓarna.

Siffar gini ita ke nuna irin da ya dace. Azara da ginshiƙi, gunduwar layi ta ishe su. Abu mai faɗi maras kauri, irin bangon rumbun laka na ƙauyukan Illela ko rufin kankare, gunduwar ɓawo yake so. Madatsar ƙasa irin ta Mozage a kan Majiya, wadda ke shayar da gonakin rani na Konni, yanka ɗaya ake ɗauka a tsakiyarta a lissafa. Gunduwa mai jiki, bulo ko dala mai fuska huɗu, sai wurin da kauri ya yi gogayya da tsawo.

Sai daraja. Dala ta daraja ta farko ƙulli 4 gare ta, ta biyu 10. Bulo 8 ko 20. Ƙarin ƙullin a tsakiyar gefe yake zama, shi ke ba gefen damar lanƙwasa. Dala mai ƙulli 4 kuwa miƙewa iri ɗaya ta sani a duk jikinta, alhali rufin da ya ɗauki kaya samansa matsewa yake yi, ƙasansa na miƙewa. Tun da ba ta iya yin biyun ba, sai ta ƙage, ta ba da rahoton cewa ginin ya fi yadda yake ƙarfi.

An ga haka a Birnin Konni. Wani ɗalibin injiniya, wanda takalminsa da na mai wannan rubutu lamba ɗaya ne, ya zo hutu ya tarar kawunsa na shirin zuba rufin shago da simintin Malbaza. Magini ya ce a kafa ginshiƙi a tsakiya. Ɗalibi ya buɗe kwamfuta, ya bar manhaja ta cika rufin da dala mai ƙulli 4, layi ɗaya tak a kaurinsa. Hoto ya fito shuɗi shar, gwanin kyau.

"Kawu, ba sai an sa ginshiƙi ba. Ko raƙumi ya hau, ba ya motsi."

"Kai yaro, wa ya ce maka raƙumi zan ajiye a sama?"

Duk da haka Kawu ya ji daɗin ragin buhunan siminti, ya sallami ginshiƙi. Da dare ɗalibi ya ce bari ya ƙara tabbatarwa. Ya koma daraja ta biyu da raga ƙanana, kwamfuta ta ɗau zafi tana huci, ana cikin haka aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, ya koma bulo mai ƙulli 8, irin wanda ake auna shi a ɗigo ɗaya don sauri. Wannan ba ya ƙagewa, nasa ciwon daban ne: yana iya murɗewa ɗigon bai ji komai ba, sai ga raga duk ta tsuke ƙugu kamar kalangu. Gab da asuba ya gwada gunduwar ɓawo, wadda da ita ya kamata a fara, rufin nan ya lotsa a kan allo ninkin ba ninkin na jiya. Bayan sallah ya sami magini yana jiƙa bulo, ya ce a natse binciken zamani ya goyi bayan ginshiƙi. Magini ya ce ai tun jiya da la'asar ya haƙa raminsa.

Maganin wannan a littafi gwaji ne: a ƙanƙanta raga, ko a ɗaga daraja, a sake lissafi, har amsa ta daina sauyawa, sannan a gwama ta da lissafin hannu. Manya ma sun tsallake shi. A 23 ga Agusta 1991 gindin kankare na dandamalin gas Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a Norway, bincike ya gano cewa mummunar raga ta sa lissafi ya rage ƙarfin da ke tsaga bangon da kashi 47 cikin ɗari.