Mutanen filin bul a Jiratawa

Mai sha'awar golf a Jiratawa sai ya nemi kuɗin mota, ya bi ta Ɗan Isa ya ƙetare iyaka zuwa Kano, ya samo sanduna 14 da yaron da zai ɗaukar masa su, sannan ya yini yana bin ramuka 18. Talaka ya huta da wannan wahalar. Nasa wasan shi ne bul, gadon Faransawa: fili shararre a gindin dogon yaro, ƙwallayen ƙarfe, da ɗan ƙwallon katako da ake jefawa mita 6 zuwa 10. Wanda ya riga kai maki 13 ya ci. Dokar ke nan; sauran duk halin mutane ne.

Akwai Mushe, malamin lakwal da ya yi ritaya. Ba a taɓa ganin ya ci wasa a gaban shaidu ba, amma shi ya san a garin La Ciotat aka ƙago wasan a 1907, kuma sai ya tuna maka kowace la'asar. Abin awo na aljihunsa kullum. Da bul biyu sun kusanci ɗan katakon zai durƙusa, ya tura tabarau goshi, ya auna ta gabas, ya sake ta yamma, har shayi ya huce. In awon ya ba abokin karawa gaskiya, to abin awon ne ya saki, a kawo tsinken tsintsiya. In tsinken ma ya ƙi shi, an motsa ɗan katakon yana sunkuye.

Sai Maharbi. Shi lallaɓa bul ta kwanta kusa aikin ragwaye ne. Zai dubi bul ɗin abokin karawa ya ce: "Ku ja da baya, yanzu zan tashe ta!" Bul ta wuce gaba ɗaya, ta tarwatsa kajin maƙwabta. Laifin tsakuwa ne.

Alhaji kan iso a kan babur, da bul sababbi fil cikin jaka mai zif, da tsumman goge su, da mayen ƙarfe ɗaure a igiya don kada ya sunkuya. Ya fi kowa kyan tsayuwa cikin da'irar da ake jifa daga cikinta. Akan lallasa shi 13 da babu, amma ba mai yi masa dariya da ƙarfi, tunda shi ke sayen sukari da ganyen shayi. "Ranka ya daɗe, yau dai iska ce," in ji masu jiran kofi na biyu.

Ɗan kallo bai taɓa riƙe bul ba, shawara ce dai ba ta yanke masa. Akwai kuma mai satar taku, wanda ƙafarsa ke fita daga da'ira kamar ta akuyar da ta hango zogale. Da mai tsoron Allah na lokaci guda: da ya ga ana binsu 11 da 3, shi ne farkon jin kiran magariba, ko ladan bai gama alwala ba.

Na ƙarshe ya taso ne daga lambu a fadamar Gulbin Maradi, taɓo har ƙauri. Ba shi da bul, aro yake yi, waɗanda suka fi tsatsa ake miƙa masa. Ba ya musu, ba ya awo. Ya tsuguna, ya dubi ƙasa, ya saki, bul ta gangara ta jingina da ɗan katakon. Ya karkaɗe hannu ya koma ban ruwa.

In ka je ana raba ƴan wasa, shayi na wajen Alhaji. In kuwa ci kake so, ɗan'uwa, bi mai taɓo a ƙafa.