Zugazugin Bature

Lublin, ƙasar Folan
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga taubashina kuma bawana, a Gummi.

Na san kana nan ƙudundune cikin bargo biyu saboda ɗan hunturun da bai taka kara ya karya ba. Nan ruwa daskarewa yake yi a bokiti. Da kai ne, sai an sa cebur an kankaro ka daga gado.

Tsohon da nake haya a gidansa yana da tukunyar ƙarfe a ɗakin ƙasa, itace take ci. Ita ke dafa ruwan da ke bin bututu ɗaki-ɗaki yana ɗumama gida. Da wutar ta dame shi da hayaƙi, sai ya ciro fankar hita daga wata matacciyar mota, ya yi mata baki da gwangwani, ya ɗaure ta a ƙofar toka. Ya haɗa mata makunnin da ke kashe ta in ruwa ya kai digiri 70. Tana hurawa hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jawur. Ya kira ni yana ta cika baki. Na ce, "Baba, ai zugazugi ke nan. Maƙeranmu da fatar akuya suka fara, yanzu wilin keke suke juyawa."

To, ga aikinka. Ka san yadda hayaƙi ke cin idon Inna in tana turara shinkafa a duro, ga itace ya yi tsada tunda dajin Anka da Bukkuyum ya gagari shiga. Ka tashi daga teburin mai shayi, ka nemo irin fankar nan wurin 'yan gwangwan. Batirin babur ya ishe ta. Mai walda ya yi mata dogon bututu don kada waya ta narke. Iskar ta shiga ta ƙarƙashin itace, a hankali, in ta yi yawa itacen zai cinye, zafin ya bi iska. Kuma a tsakar gida za a hura, hayaƙi a rufaffen ɗaki kisa yake yi.

Da surutu na hura wuta, da bakinka ya wadatar da mu. In ka haɗa, turo hoto ta WhatsApp. In ka ƙi, kuɗin sharar bana sai dai ka ji a salansa.

Ka gaishe da Inna da Kawu da kyau.

Naka,
Ubangidanka