Ka Ci Jarrabawar Gudu, Boston Ta Ce Ba Gurbi

Na ga kana murmushi, Malam. Ka ce wai mutum da hankalinsa, ba kare ne ya biyo shi ba, ba gobara ta tashi ba, zai zaro sama da dala 200 don a bar shi ya yi gudun kilomita 42 da mita 195? To gyara zama, abin ya fi haka ban haushi. Da kuɗin a hannu ma roƙo ake yi, kuma kora ake yi.

Gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka nake nufi, wanda ake yi tun 1897, yanzu kuma a Litinin ta uku ta watan Afrilu. Mutum wajen 30,000 yake ɗauka, domin titunan ƙananan garuruwan da ake ratsawa daga Hopkinton, inda ake farawa, ba faɗi gare su ba. Tun 1970 masu shirya shi suka gindaya sharaɗi: je ka wani tseren ka nuna saurinka tukuna.

Ka ce to ai magana ta ƙare, wanda ya cika sharaɗi ya shiga. Haba Malam, sai ka ce ba ka taɓa nema wa yaro jami'a ba! Ya ci JAMB, ya haura makin da aka yanka, ga sunan kowa a allo ban da nasa. A tseren 2025, mutum sama da 36,000 ne suka cika sharaɗin suka nema, aka sallami sama da 12,000. Daga masu sauri ake fara ɗiba, gurbi ya ƙare a kan wanda ya riga lokacin da aka yanka masa da minti 6 da daƙiƙa 51. Saurayin da aka ce masa awa 3, ya gama a awa 2 da minti 54, ya buga wa dangi waya ana ta taya shi murna, sai ga saƙo: a yi haƙuri, sai baɗi. Baɗin da ta zo kuma aka zabge minti 5 daga lokacin duk wanda bai kai shekara 60 ba. Namiji ɗan 18 zuwa 34 yanzu awa 2 da minti 55 ake nema a wurinsa, mace awa 3 da minti 25.

Ka ce ai ba wani abu ba ne, da kana yaro har zomo ka kora. Madalla. Je ka filin wasa mai mita 400 ka zagaye shi sau 105 da rabi, kowane zagaye a ƙasa da daƙiƙa 100, ba tsayawa gaisawa. Ina nan ina jira da ruwan sanyi.

Ka ce ina aka samo masu gudu haka a zamanin da kowa ya kwanta da waya a ƙirji? Wayar ce ma ta tashe su. Bayan kullen korona ƙungiyoyin gudu suka cika birane, agogon hannu na ƙirga kowane taku, manhajar Strava na kai rahoto ga abokai, kuma ba mai son a ga abokinsa ya wuce shi. Tseren Landan, inda ƙuri'a ake jefa wa yawancin masu nema, ya samu takardar mutum sama da miliyan 1 da dubu 100 don 2026. Ga kuma takalman da suka bazu tun 2017, masu soso mai tsalle da farantin kabon a tafi. Kar ka yi saurin cewa ashe takalmi ne ke gudun. Kowa ya saya, kowa ya ƙara sauri, layin ya matsa gaba, an bar ka da rasit.

Na san dabarar da ke ranka, don idonka ya nuna. Ka nemi tseren da ake gangarowa daga kan dutse? An riga ka, har Boston ta gane: daga tseren 2027, hanyar da gangararta ta kai ƙafa 1,500 za a ɗora wa mai ita minti 5. Ka hau mota a tsakiya? Wata Rosie Ruiz ta faɗo cikin tseren dab da ƙarshe a 1980, aka naɗa ta zakarar mata, bayan kwana takwas aka ƙwace kambun. Yau lambar ƙirjinka na ɗauke da na'urar da ke shaida duk inda ka taka.

Me ake samu in an gama? Ciwon gwiwa, da lambar yabo mai hoton doki mai ƙaho ɗaya, dabbar da ba a taɓa halitta ba. Ka yi dariyarka. Ni dai a ganina ƙofar da ake rufewa ita ce kayan da Boston ke sayarwa. Da za a wangale ta gobe, da yawa cikin masu kukan nan sai su nemi wata mai kwaɗo. Hanyar ma ba ta san girman kowa ba: gwarzon gudu Eliud Kipchoge da kansa na shida ya zo a 2023, tudun Newton da ke kan hanyar ya jiƙa masa aiki.

Ka ce za ka jira tsufa, tunda ana sassauta wa dattawa? Wannan kam ka yi tunani. Ɗan shekara 80 awa 4 da minti 50 kawai ake nema a wurinsa, wato kowace kilomita a ƙasa da minti 7, sau 42 a jere. Kai da jiya ka aiki yaro ya ɗauko maka rimot daga kan kujerar da ke gefenka.